Shekara Hamsin a Ƙasar Asante: Yadda Muka Samu Gidan Kanmu a Kumashi

Kumashi gari ne na tudu da kwari. In ka tsaya a kan tudu ta wajen Asawase ka miƙa ido, abin da za ka fara gani kwano ne, tsohon kwano da tsatsa ta mayar ja, gida manne da gida har Aboabo. Ƙarƙashin kwanon nan akwai Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Fulani, kuma da yawansu haya suke yi. Akwai wanda ya zo da ƙafarsa. Akwai wanda a nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, amma har yau in wa'adi ya kusa sai gabansa ya faɗi in ya hango mai gida.

Goro ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa. Fataken Kano da Katsina Gwanja suke nufa, su yi lodi a Salaga su juya. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumashi a 1896, sai ciniki ya gangaro kudu, zango ya yi ta faɗi. Ni kuwa albasa ce ta kawo ni. Daga Galmi ake mana lodi, mota ta ratso Burkina, ta biyo Bolga da Tamale da Taciman, mu sauke a Kumashi. Shekarata 19 ina wannan sana'a, kuma 14 daga ciki a gidan haya na yi su a Aboabo, ni da uwargida da yara biyar, cikin ciki da falo.

Wanda bai zauna gidan yawa a Aboabo ba, bari in ba shi hoto. Ɗakuna ne jere sun kewaye tsakar gida, kowace ƙofa da iyalinta. Famfo ɗaya, banɗaki biyu, igiyar shanya kuwa sai wadda ta riga tashi. Akwai daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Da asuba ka fita ka sami koko da ƙosai a bakin layi, da rana ga mai wake da shinkafa, in yaronka ya yi zazzaɓi cikin dare mata uku za su fito kafin ka kira ɗaya. Amma babbar ɗiyata ta kai shekara 15, a falo take kwana tare da ƙannenta maza. Ga kuma maganar adibas. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san na shekara biyu ake biya. Duk bayan shekara biyu sai in zare wani kaso daga jarina in miƙa, kuma kowane zagaye da ƙari.

Uwargida ce ta fara tayar da maganar. Ta ce, "Alhaji, kuɗin da muka ba masu gida tun zuwanmu, da bulo muka saya da su, da yanzu mun kai linta."

Abin da ya daɗe yana riƙe ni

Mu mutanen arewa muna da wata al'ada: a nemi kuɗi a kurmi, a yi gini a gida. Ni ma na bi sahu, na sayi fuloti a Madawa na kewaye, ina cewa wata rana. Kuma wannan al'ada ba haka kawai ta samu ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Mahaifina yana yaron mota a lokacin. Har ya rasu yana ba mu labarin mutanen da suka sayar da gidajensu kuɗin da bai kai na ƙofa da taga ba, da waɗanda suka bar makulli hannun maƙwabci suka hau mota, ba su sake ganin gidan ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, dukiyar baƙo ita ce wadda za ta shiga buhu.

Na je na gaida wani dattijo a zango, wanda aka kore su a wancan lokaci ya kuma dawo bayan 'yan shekaru. Na ce, "Baba, ina so in sayi gida a garin nan, amma maganar mahaifina ta tsaya mini a rai." Ya yi shiru, can ya ce, "Yaro, waɗanda suka yi asara a lokacinmu, yawancinsu ba su da takarda ko ɗaya, ta zama ko ta gida. Da baki aka sayar musu, da baki kuma aka ƙwace. In za ka saya, ka fara da takarda, gini ya biyo baya." Da wannan magana na fita nema.

Adum, inda bankuna suke

Daga Kejetiya in ka haura Adum, kamar ka shiga wani gari ne. A ƙasa hayaniyar torotoro da 'yan dako, a sama tsofaffin benaye na zamanin Turawa, da shagunan waya, da bankuna masu sanyin na'ura. Wani abokin cinikina ne ya ce in je in tambayi bashin sayen gida, irin wanda banki ke biyan mai sayarwa, kai kuma ka riƙa biyan banki wata-wata, gidan yana jingine a hannunsu har ka gama.

Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta yi mini bayani dalla-dalla, ba ta raina ni ba. Sai na kawo katin Gana na baƙi, da izinin zama, da bayanan asusuna na watanni da dama domin su ga shige da ficen kuɗi. Sai na biya kafin alƙalami daga aljihuna, kashi 20 cikin 100 na kuɗin gidan. Su za su tura mai kimanta gida, ni zan biya shi. Akwai inshorar gobara, akwai ta rai, akwai kuɗin lauya. Uwa uba, gidan sai yana da takardar da aka yi wa rajista a Hukumar Filaye. A nan ne yawancin gidajen zango suke faɗuwa, don gida ne na gado, magada goma sha, takarda kuwa tun ta kaka, in ma akwai ta.

Daga nan muka zo kan lissafi. A ce ka ranci sidi 300,000 a kan ruwa kashi 25 cikin 100 a shekara, za ka biya cikin shekara 15. Kowane wata za ka kai kimanin sidi 6,400. A watan farko, 6,250 daga ciki kuɗin ruwa ne, abin da ya ragu daga uwar bashin bai kai sidi 200 ba. Ranar da ka gama, ka biya sama da miliyan 1 da dubu 150, wato kusan ninki huɗu. Na ce ta sake bugawa, ta sake, haka ya fito.

Ta ce akwai na dala, ruwansa bai kai haka ba. To amma ni da sidi nake sayar da albasa. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 take, kafin ƙarshen shekarar ta haura 14 a wurin 'yan canji. Wanda yake biyan dala 500 a wata, ya fara da sidi 3,000, ya wayi gari ana neman sama da 7,000 a hannunsa, gidan kuwa bai ƙara ko ɗaki ɗaya ba. A Disambar wannan shekara hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100. Duk wanda ya yi kasuwa a Gana a lokacin bai manta ba.

Akwai kuma abin da takardar banki ba ta sani ba game da sana'armu. Banki wata yake ƙirgawa, albasa kuwa kaka take bi. In sabuwa ta fito a Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, riba ta yi ƙasa. Can ƙarshen shekara ta yi tsada, a samu. In kuma mota ta lalace a hanya ko aka tsare ta a iyaka kwana biyar cikin zafi, rabin lodi ya ruɓe, wannan watan babu kai. Mai albashi zai iya alkawarin ranar 30 ga kowane wata har shekara 15. Ni ban isa ba. In kuma ka kasa biya, doka ta ba banki ikon sayar da gidan ya cire kuɗinsa.

Maganar riba ma tana nan, na kuma kai ta gaban malamin da nake ɗaukar karatu wurinsa, ya gaya mini abin da kowa ya sani a kanta. Na san wani ɗan zango, ma'aikacin asibiti, ɗan ƙasa, da ya karɓi irin wannan bashi ya sayi gida, yana biya daga albashinsa. Ban zauna a kan kujerar alƙali ba, kowa da hali da uzurinsa. Ni dai lissafi da zuciya sun haɗu wuri ɗaya, na yi wa matar godiya na fito. Amma zuwan bai zama na banza ba. Jerin takardun da banki ya ce sai gida yana da su kafin ya ba da ko sisi, shi na riƙe ya zama ma'aunina. Na ce duk gidan da banki ba zai yarda da takardarsa ba, ni ma ba zan zuba gumina a kai ba.

Hanyar Kenyase

In ka bar Aboabo ka wuce shataletalen filin jirgi, ka bi ta Buokrom, hanya za ta kai ka Kenyase, ta miƙe har Antoa. Nan ne garin yake cin daji. Inda gonakin rogo da ayaba suke a da, yanzu bulo ne. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne yawan ginin da ba a gama ba: wani ya tsaya a taga, wani a linta, rodi a tsaye ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a falo. Yawancin mutanen ƙasar nan haka suke gini, ba da bashin banki ba. In kuɗi ya zo a sayi siminti buhu 20, in ya yanke a dakata, har shekara goma. Wasu masu ginin suna Turai ko Amurka, sukan sa wani ya zauna a ɗaki ɗaya yana gadi.

Wata uku na yi ina zirga-zirga da dillalai, duk ranar da kasuwa ta yi sanyi. An nuna mini wani gida mai araha ƙwarai a cikin kwari. Da yake lokacin damina ne, na koma ni kaɗai washegarin wani ruwa mai ƙarfi, na tarar da maƙwabta suna kwashe ruwa da bokiti, ga alamar laka a bango har gwiwa. A Kumashi, in za ka duba gida, duba shi a watan Yuni. Wani fili kuma da aka kai ni, an rubuta a jikin katangarsa da jan fenti cewa ana shari'a a kai. Dillalin ya ce tsohon rubutu ne. Na ce to, Allah ya ba mai rabo.

Wanda muka tsaya a kai gini ne mai ɗaki uku da falo a kan tudu, an yi rufi, ba filasta, ba ƙofofi, ba wuta. Mai shi Ba'asante ne da ke zaune a Jamus, ya gina wani a Ankara, yana so ya rabu da wannan.

Ƙasa ta kujera ce

A nan ne ɗan arewa yake buƙatar ya buɗe kunne, don tsarin ba irin namu ba ne. A Asante ƙasa ta kujerar sarauta ce. Sarkin gari yana riƙe da ita ne a madadin jama'arsa, a samansa kuma akwai Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda yake kan gado tun 1999, fadarsa tana Manshiya. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana a sayar da ƙasar kujera sayarwa ta har abada, ko ga ɗan ƙasa. Abin da ake saya shekaru ne. Ɗan ƙasa yakan samu 99 a filin zama. Baƙo kuwa, tsarin mulkin ya ce ba zai wuce 50 a lokaci ɗaya ba. Ko da mai sayar maka yana da sauran shekara 80 a takardarsa, kai 50 za a rubuta maka.

Kuɗin da ake ba sarki in za a yanka maka sabon fili, sunansa kuɗin abin sha. Asalinsa kwalba ce ake kaiwa ta gaisuwa, yau kuwa shi ne farashin filin. In ka biya za a ba ka 'yar takardar rabo mai hatimin sarki. Mutanenmu da yawa a nan suke tsayawa, su sa ta a ƙarƙashin katifa suna ganin sun gama. Lauyan da na ɗauka ya ce mini wannan takarda mafarin tafiya ce. Sai safiyo mai lasisi ya auna ya zana taswirar filin, a rubuta yarjejeniyar shekaru, sarkin gari ya sa hannu, a kai ofishin filaye na fadar Manshiya a tabbatar, sannan a yi rajista a Hukumar Filaye. Bayan haka kowace shekara akwai kuɗin ƙasa da ake biya a ofishin da ke kula da filayen kujera.

Kafin in ba da ko sidi ɗaya, lauya ya kai taswirar Hukumar Filaye aka bincika: sunan wa ke kan filin, an jinginar da shi, akwai ƙara a kotu? Sakamako ya fito da sunan mutumin Jamus, babu jingina. Ya kuma nemi matar mai gidan ta sa hannu, domin dokar filaye ta 2020 ta ce filin da aka saya cikin aure, miji ko mata ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da rubutaccen yardar ɗayan. Da na gaya wa uwargida haka sai ta yi dariya ta ce, "Ashe nan gaba sai da izinina, Alhaji."

Sannan muka je gaida sarkin garin, don canjin hannu sai da yardarsa. Yana zaune cikin zane ya yafa a kafaɗa, mu muka zauna a benci. Ba a yi masa magana kai tsaye, akwai mai magana da yawunsa riƙe da sanda, shi za ka gaya wa, shi zai isar, ko da sarkin yana jin ka. Aka tambayi daga ina nake, me nake sayarwa, yara nawa. Da aka ce albasa, Nana ya yi murmushi ya ce wani abu da Asantanci, aka fassara mini: wai matan garin sun samu maƙwabci. Muka biya abin da aka yanka, aka ba mu rasit.

Yadda muka biya

Na sayar da fulotin Madawa. Wannan shi ne abu mafi nauyi a duk tafiyar. Yayana ya kira ni a waya ya ce, "Ƙanena, ka sayar da ƙasar da take taka har abada, ka sayi ta aro?" Na ce, "Yaya, shekara 11 filin nan awaki ke kwana a ciki, 'ya'yana kuwa suna kwana a falo." Bai ji daɗi ba, amma bai hana ni ba.

Kuɗin fulotin, da kwasar adashin da muke yi mu 12 a kasuwa, da abin da uwargida ta tara a cinikin atamfa, su suka haɗa rabin kuɗin gidan. Ragowar rabin, mai gidan ya yarda in biya kashi biyu, kowanne a watan Janairu, bayan albasa ta yi daraja. Ya ɗan ƙara a kan farashin saboda jinkirin, muka yanke adadi ɗaya tun ranar farko, da sidi, ba ya motsi. Lauya ya rubuta komai: ranar biya, abin da zai faru in na makara, da cewa takardun asali suna ofishinsa har in cika. Kowane biya ta banki na tura, don ya bar sawu. Jarin albasa kuwa ban taɓa shi ba, don in ka cinye jari ka sayi gida, yunwa za ta sa ka sayar da gidan.

Mun tare kafin a yi filasta. Ƙofofi da tagogi muka fara sawa, sai rijiya, sai wuta. Shekara biyu kafin a yi fenti.

Abin da zan gaya wa 'yan uwa

Akwai masu sa gida da sunan mata ko ɗa in suna da shaidar zama 'yan ƙasa, don a samu shekara 99. A sani dai haihuwa a Gana kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ɗan Gana ne. Wanda kuma ya bi wannan hanya, musamman mai mata fiye da ɗaya, ya tuna doka sunan da ke kan takarda take gani. Ya zauna da iyalinsa da lauya da malami a fayyace tun yana raye, kada gidan da aka gina don a haɗa 'ya'ya ya zama abin da zai raba su. Mu dukanmu 'yan Nijar ne, 50 ɗinmu muka karɓa, lauya ya tabbatar an sa sharaɗin neman sabuntawa in wa'adi ya cika. Izinin zamanmu kuma ba na bari ya mutu ko da kwana ɗaya.

Unguwar ba zango ba ce. Maƙwabcina na dama Ba'asante ne mai koyarwa a makaranta, na hagu direba ne daga Bawku. Babu mai koko a bakin layi, uwargida ta koma dama nata. Torotoro biyu nake hawa kafin in isa kasuwa, in kuma an yi ruwa hanyar unguwa sai a hankali. Ranar Juma'a mukan koma cikin gari, yara su ga abokansu, uwargida ta zaga tsohon gidanmu ta sha labari. Iyalai huɗu daga Aboabo sun biyo mu zuwa yanzu, kowanne na raka shi wurin lauya kafin ya ga dillali.

Ƙaramin ɗana ya tambaye ni wai in shekara 50 ta cika ina za mu koma. Na lissafa masa: lokacin shi yana da shekara 58, ni kuwa sai dai addu'a. Na buɗe akwatin ƙarfe na nuna masa takardun ɗaya bayan ɗaya, da rasit na kuɗin ƙasa na kowace shekara, na gaya masa akwai kwafinsu a wurin lauya, akwai kuma a Madawa wurin baffansa. Na ce shi da 'yan uwansa ne za su je fada su nemi ƙari, don haka su riƙe Asantancinsu da kyau, su kuma zauna lafiya da mutanen garin.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba duk mai nema nasa.